Jikan Akawal

Na yi shekaru ina da doki, alhali ina zaune a hawa na uku na wani bene a unguwar Woolwich ta Landan, inda ko keken 'yata sai da muka kai ruwa rana da maƙwabta kafin ya samu wurin jingina. Dokin yana can Gembu, a gidan mahaifinmu, ɗaure a turke. Ni kuma ina nan a bayan kanta a kantin magani ina miƙa wa tsofaffin Turawa maganin hawan jini. In na faɗa wa abokan aikina sai su yi dariya, su ɗauka irin zolayata ce. Dokin kuwa gadona ne, ni na roƙa a ba ni shi.

Baba mutumin Kano ne, amma tun yana saurayi aikin kiwo ya hau da shi tsaunin Mambila. Ya zama shugaban makiyaya a wata babbar gonar shanu ta wani attajiri, a can kuma aka haife mu, ni da yayana. Ƙasa ce ta doguwar ciyawa da rafuka masu sanyi, gajimare yana saukowa har ƙofar ɗaki. In ruwa ya sauka mota ba ta zuwa ko'ina, don haka duk wani aiki a kan doki ake yin sa.

Dokin aikin Baba baƙi ne wuluk, shi ya sa ake ce masa Akawal. Mu ba ma raɗa wa doki suna, launinsa ya ishe shi. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, ba shi da kyau ko kaɗan. Ƙaton kai gare shi, da gajeren wuya, da kofato mai faɗi kamar akushi. Ba a taɓa sa masa kayan ado ba, kuma ban ga inda za su zauna masa ba. Amma ingarma ne na gaske, kuma ya san shanu fiye da wasu masu hawansa.

Kullum a bayan garke yake. Ba ya shiga shinge sai saniyar ƙarshe ta shiga, ko da gurguwa ce tana jan ƙafa, ko da ruwa ake tsugawa. In ka ɗaga masa bulala don ya wuce gaba, sai ya dasa ƙafafu huɗu ya tsaya, ya juyo da kunne ɗaya yana jiran ka gama haukarka. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ranar tsallake rafi da damina. Da garke ya fara shiga ruwa sai ya gangara ƙasan mashigi, ya tsaya a tsakiyar rafin ya ba ruwan gefensa. In ruwa ya kwashi ɗan maraƙi, cikin Akawal zai zo ya daka, ya samu ƙafa ya fita. Baba ya ce shi bai koya masa ba. Ranar farko ma jan linzami ya yi ta yi yana zaginsa, sai da maraƙi ya bugi gwiwarsa sannan ya gane abin da dokin yake nufi.

Wannan ya sa makiyaya suke kawo masa goɗiyoyinsu baye daga nesa, wani ma sai ya kwana a hanya. Baba bai taɓa hana kowa ba. 'Ya'yan Akawal suka bazu a rugage, kusan duka da ƙaton kan nan da taurin kan nan. Akwai wani mai sha'awar tsere da ya zo daga Yola ya ga ɗaya daga cikinsu yana gudu a fili, ya nace sai da aka sayar masa. Bai daɗe ba ya dawo da shi yana huci. Wai ana sakin dawakai sai nasa ya bari duka su wuce, sannan ya bi na ƙarshe yana tunkuɗa shi da hanci. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce masa, "Alhaji, ai makiyayi ka saya. Kora su gida yake yi."

Ni ce auta, ni ce kuma mai son dawakin. Yaya bai taɓa ƙaunarsu ba, shi dai a bar shi da rediyo da batir da waya yana kwancewa yana ɗaurawa. Ni Baba yake ɗorawa a gaban sirdi, Inna tana faɗa wai za a mayar mata da 'ya namiji. Ƙamshin da na fara sani a duniya shi ne na gezar Akawal in ruwa ya jiƙa ta. Da ya tsufa aka daina ɗaura masa sirdi, amma bai daina fita ba. Da kansa yake bin garke a baya, ya dawo da su da yamma, har ranar da aka wayi gari aka same shi kwance a bakin shinge. Ina makarantar kwana a lokacin, ba a faɗa mini ba sai da na zo hutu. Na daɗe ban yafe musu wannan ba.

Gonar ma ba ta daɗe a bayansa ba. Mai ita ya rasu, magada suka raba, aka kwashe shanun a manyan motoci, aka ja waya a inda muka saba sukuwa. Baba ya koma cikin gari da doki ɗaya tak, jikan Akawal ta wajen ɗansa, baƙi shi ma, sai dai yana da ɗan fari a goshi. Muka riƙa ce masa Jika. Kullum da safe Baba zai hau shi ya fita rugage, ya taya mutane kora ko ba su nema ba, ya dawo da ƙwaryar nono da labari. A haka na yi aure na taho Landan.

Rasuwar Baba ta same ni a wurin aiki. Kafin in cire rigar aikin ma an kai shi makwancinsa. Na ce zan je bayan arba'in, sai makarantar yarinya ta hana, sai aiki ya hana, daga baya kuma ba na ma neman abin da zai hana. A waya aka yi rabon gado. Da na ji Yaya ya sa dokin cikin kayan da za a sayar a raba, na ce a'a, a sa mini shi a kasona.

Ya ce, "Auta, ke da kike Landan? A ina za ki ɗaure shi, a jikin fitilar titi?"

Na ce, "A inda yake. Ba kai ke gidan ba?"

Haka Yaya, malamin makaranta da ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya wayi gari da doki. Daga nan ya fara kirana duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don kawai ya kai ƙara. Jika ya cinye harawar da aka ajiye ta wata guda. Jika ya ciji mai kawo ciyawa a kafaɗa. Jika ya tsinke igiya ya shiga lambun maƙwabci, an kwana ana ba da haƙuri. Ni kuma in zauna a ɗan lungun da muke shan shayi a bayan kanti, ina ba shi amsa son raina, ina ce masa ai dokin ya gane ba a son sa ne. Daga maganar doki sai a gangara zuwa wanda ya yi aure, da wanda ya rasu, da rufin ɗakin Inna da yake yoyo. Kafin dokin nan, daga Sallah sai Sallah nake jin muryar Yaya, shi ma gaisuwa ce a tsaitsaye. Ina son kiran nan na Juma'a fiye da yadda zan iya faɗa masa.

Akwai wani dattijo Bafulatani da ya yi aiki a ƙarƙashin Baba tun muna yara, muna ce masa Baffa. Shi bai bar kiwo ba. Yana can bayan duwatsu, tafiyar yini guda a kan doki, da shanunsa da 'yan goɗiyoyinsa. Duk farkon damina sai ya aiko wa Yaya cewa a roƙa masa ni in ba shi Jika ya tafi da shi, ya yi aiki, ya kuma hau goɗiyoyin. Ya ce ya bincika duk rugagen da ya sani, babu sauran namiji daga jinin Akawal sai wannan. Wasu ciwo ya kashe, wasu an gangara da su ƙasa an sayar da matasa suka koma kora da babur, wasu kuma motocin masu sayen nama ne suka kwashe su zuwa kudu. Duk shekara amsata ɗaya ce, a'a. Akwai ɓarayi, akwai ramuka, akwai ƙudan da ke kashe doki, kuma wa zai ba shi dusa da kanwa a can? Dalilaina duk gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba.

A Woolwich akwai dawakin sojoji. Wasu safiyoyin suna fitowa da su motsa jiki, su biyo titi a jere, motoci su tsaya musu. Tun daga nesa nake jin ƙarar kofato a kan kwalta, in kuwa na ji, bas ɗina sai dai ya wuce. Ba fuskokinsu nake kallo ba, ƙafafunsu nake kallo, yadda Baba ya koya mini. Wata safiya suka wuce ta gabana ana yayyafi, jikinsu yana tururi, gumi ya yi kumfa a ƙarƙashin sirdi, idanunsu a kwance irin na dabbar da ta san abin da ta fito yi. Da yammacin ranar Yaya ya turo mini bidiyon Jika, ba tare da ya ce komai ba.

Yana tsaye a turke yana kaɗa kai, dama, hagu, dama, hagu, ƙafafun gaba suna bin kan. Bai tsaya ba har bidiyon ya ƙare. Na kira 'yata, wadda take jami'a a lokacin, na ce ta zo ta ga dokinmu yana rawa. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta kalla, ta sake kallo, ta miƙo mini wayar.

Ta ce, "Mum, he's not dancing."

Na san ba rawa ba ce tun kafin in kira ta. Na sake kallo ni kaɗai. Ya ci rabin turken da haƙori. Igiya ta cinye gashin wuyansa. Kofatonsa ya yi tsawo ya lanƙwashe sama saboda rashin taka dutse, kuma furfura ta fito masa a saman ido. Ya yi ƙiba, wannan kam ba laifin Yaya, yana ci yana ƙoshi.

Juma'ar da ta biyo Yaya bai kai ƙara ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. A hankali ya yi magana. Ya ce, "Auta, dokin nan ya fara tsufa. Baffa ya ce in aka ƙara damina ɗaya ko biyu, ko an kai shi gaban goɗiya ba abin da zai yi. Akwai kuma wani Alhaji da yake son sa, yana da barga mai kyau, zai ajiye shi ya riƙa nuna wa baƙi. Ki zaɓi ɗaya. Ni dai na gaji da kallonsa a haka."

Na hau shi da faɗa. Na ce dama can neman hanyar rabuwa da shi yake yi, dama bai taɓa son abin da Baba yake so ba. Na faɗi maganganu da yawa, har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Yaya ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni nake kwashe kashinsa kullum da asuba, ke kuma kike son sa. To ki so shi ɗin mana." Ya kashe wayar.

Ranar ban hau bas ba, na gangara bakin kogi na yi ta tafiya. Maganar Alhaji ban ma tsaya a kanta ba, daga wannan turke ne zuwa wani turken mai fenti. Maganar Baffa ce ta tsaya mini a rai. In Jika ya tafi bayan duwatsu, waya ba ta kaiwa can, ba bidiyo, ba labari. Ba abin da zai rage nawa a gidan Baba, kuma ba abin da zai sa Yaya ya ɗaga waya ranar Juma'a. Tsoron da nake ji ke nan, ya fi tsoron ɓarayi da ramuka. A ɗaya gefen kuma ga dokin da kakansa ya tsaya a tsakiyar rafi, shi bai taɓa sa ƙafa a ruwa ba tun rasuwar Baba, kuma in ya mutu a turken nan shi ke nan an gama da su duka. Ban yanke shawara a ranar ba, ban yanke a makon ba. Ni ce dai na kira Yaya daga ƙarshe, na ce ya aika wa Baffa ya zo.

Wata Asabar da hantsi ya iso. Ina kicin ina yanka albasa Yaya ya kira ta bidiyo, ya juya wayar ta kalli tsakar gida. Baffa ya rame, gemunsa ya yi fari fat, yana riƙe da ragamar wata jar goɗiya da ya hawo. Jika ya daina kaɗa kai. Ya ɗaga ƙaton kan nan sama, ya buɗe hanci, ya yi haniniyar da ta sa wayar ta yi rawa a hannun Yaya. Baffa bai yi gaggawa ba. Ya zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai, ya zaro wuƙa ya fara rage kofaton. Da ya gama ya wanke hannu, ya ce a ba shi ni.

Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa kamar za ta ƙone shi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigida da yarinya da sanyin ƙasar, ya yi wa Baba addu'a. Na ce masa na ba shi dokin kyauta, duniya da lahira.

Ya ce, "A'a, 'yata. Dokinki ne. Aiki zai tafi, ba kyauta ba. Abu ɗaya nake so in ji kafin in kwance shi. In goɗiya ta haihu, ƙofar wa zan kawo ɗan?"

Ban gane ba, na ce ya sake faɗa. Sai ya yi mini bayani. Ya ce mahaifina bai taɓa karɓar komai a hannun wanda ya kawo goɗiya baye ba, amma yana da sharaɗi ɗaya. Duk duƙushin da aka haifa, kafin a sa masa igiya a karon farko, sai an koro shi da uwarsa har ƙofar mai ingarma. Mai ingarma zai fito ya gan shi, ya ɗora masa hannu a wuya, ya ce a je a koya masa aiki. Sai bayan nan ake ɗaure shi. Ya ce duk wanda ya taɓa samun ɗa daga Akawal ya yi wannan tafiyar, shi da kansa ya yi ta ba sau ɗaya ba. Sai a lokacin na gane 'yan dawakin da nakan gani suna tsalle a ƙofar gidanmu ina yarinya. Ni na ɗauka masu su hanya ce ta biyo da su.

Na ce, "To Baffa, sai a kawo wa Yaya."

Ya ce, "Yayanki ba shi ne mai doki ba."

Na ce ai ni ina da nisa, ya sani. Ya ce goɗiya kusan shekara take yi da ciki, ba gobe ba ne. Na ci gaba da yanka albasa. Can na ji muryar Yaya daga gefe, ba na ganin fuskarsa.

Ya ce, "Ƙofar tana nan, Auta. Ke ce ba kya nan."

Baffa ya ɗauki shiruna a matsayin amsa. Ya kwance Jika, ya hau goɗiyarsa, suka fita. Dokin bai waiwayo ba ko sau ɗaya, na ji haushin wannan ƙwarai, ko da yake ban san wa nake so ya waiwaya ba.

Kiran Juma'a ya ragu, kamar yadda na yi tsoro. Wani watan sau ɗaya, wani watan ni nake kira mu rasa abin faɗa bayan gaisuwa. Sai a ƙarshen daminar da ta wuce Yaya ya kira ranar da ba Juma'a ba. Wani mai kawo nono kasuwa ya zo da saƙo daga Baffa. Jar goɗiyar ta haihu, namiji, baƙi, da ƙaton kai. Jika kuma ya rame ya yi ƙarfi, yana bayan garke.

Na yi kuka a ɗan lungun shan shayi, na wanke fuska na koma bakin kanta. Na ce wa Yaya ya aika a ce wa Baffa na yafe sharaɗin, ya sa wa ɗan igiya. Amsa ta dawo cewa ba ni na kafa sharaɗin ba, don haka ba ni zan yafe shi ba. Na yi masifa a kan taurin kan tsoho, ba ta canza komai ba. Duƙushin yana can yana girma ba igiya. Yaya ya ce an ce har ya fara gudun mutane, in aka ƙara jinkiri zai wuce lokacin da ake iya koya masa, ya tashi ba na hawa ba, ba na kora ba.

Na nemi hutu a wurin aiki, an ba ni watan gobe. 'Yata ta ce za ta bi ni. Baffa zai koro duƙushin da uwarsa ranar da Yaya ya aika masa, ni kuma aikina kaɗan ne, in fito daga cikin gida in tsaya a ƙofa in ɗora hannu. Tun da aka sa rana ban yi barcin kirki ba, kuma ba dokin nake tsoro ba. Ban taɓa fitowa ta ƙofar nan ba sai Baba yana ciki.